Idan Takardu Suka Salwanta a Rumbun Intanet, Ina Mafita?

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya wanda aka yi a Fagge, Kano



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro saboda damar da ya ba ni ta tsayawa a gabanku. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tashi zai yi bayani alhali malaman da suka koya masa riƙon alƙalami suna zaune a sahun gaba suna kallonsa. Saboda haka ina neman izininsu. Su kuwa abokaina na bencin baya, waɗanda na lura har yau ba su bar halinsu na zama kusa da ƙofa ba, ina roƙonsu su daure su tsaya har a tashi, domin yau babu monitan da zai rubuta sunan kowa.

Kwamiti ya nemi in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ata, wato gyaran kwamfuta da tsara ajiyar takardu. Sai na zaɓi tambaya guda ɗaya wadda aka fi zuwa mini da ita a gigice: "Mun goge fayil a rumbun intanet, mun danna maɓallin maidowa, ya ƙi. Yaya za mu yi?" Wannan tambaya ta shafe mu baki ɗaya. Rajistar 'yan Ƙungiyar nan, da lissafin asusun taimakon iyalan 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, da tsofaffin hotunan da muka sha wahalar tattarawa, duk yanzu a irin wannan rumbu suke. Bugu da ƙari, da yawa daga cikinmu 'yan kasuwa ne a Kantin Kwari da Sabon Gari da Wapa, wasu kuma ma'aikatan ofis ne, kuma kusan kowa yana da takardun da yake tarayya da wasu a kansu ta intanet.

INA TAKARDUN NAN SUKE?

Masu wannan fasaha suna kiran rumbun da sunan girgije, har wasu suna zaton takardun suna shawagi ne a sararin sama. To, kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Abin da ake kira girgije manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, masu cin wutar lantarki da buƙatar sanyi dare da rana. Ko a nan Kano akwai irinsu, domin a watan Janairu na 2023 aka buɗe cibiyar ajiyar bayanai ta Galaxy Backbone. Amma galibin abin da muke ajiyewa a Google Drive ko OneDrive ko Dropbox yana ƙasashen waje ne, a hannun mutanen da ba mu taɓa gani ba.

Kada a ɗauka ina kushe wannan hanya. Kowa a nan yana tuna gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari, wato kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna. Duk ɗan kasuwa ya san cewa a irin wannan masifa ba kaya kaɗai ke ƙonewa ba. Littafin bashi ma yana tafiya, kuma idan ya tafi, sai mutum ya dogara da amanar waɗanda yake bi. Wanda lissafinsa yake a rumbun intanet, gobarar kasuwa ba ta isa gare shi ba. Wannan riba ce babba. Sai dai rumbun yana da irin tasa gobarar, wadda ba ta da hayaƙi, ba ta da ƙara, kuma yatsa ɗaya ya isa ya kunna ta.

ABIN DA KE FARUWA IDAN AN GOGE FAYIL

Idan aka goge fayil, ba nan take yake halaka ba. Ana jefa shi ne cikin kwandon shara, ya zauna na wasu kwanaki ƙidayayyu. Sanin waɗannan kwanaki shi ne rabin maganin, saboda haka ina roƙon a rubuta su.

A Google Drive, fayil yana kwana 30 a kwando, daga nan ya goge da kansa. Wannan doka ta fara aiki ne a watan Oktoba na 2020. Kafin nan fayil yana iya shekara a kwando babu mai taɓa shi, shi ya sa har yanzu wasu suke sakaci. Idan asusun na ma'aikata ne ko na makaranta, wanda ake kira Google Workspace, mai kula da asusun yana da ƙarin kwana 25 bayan an zubar da kwandon, wanda a cikinsu zai iya maido da fayil.

A OneDrive na mutum ɗaya, kwana 30 ne. A na ma'aikata ko makaranta, da kuma SharePoint, kwana 93 ne, kuma kwandon hawa biyu ne: abin da aka zubar daga na farko yana faɗawa na biyu, har sai kwana 93 ɗin sun cika, ana ƙirgawa daga ranar da aka fara gogewa. A Dropbox kuwa, kwana 30 ne ga mai ƙaramin asusu, manyan asusun 'yan kasuwa kuma suna samun kwana 180 ko fiye.

Wato dai agogo yana fara bugawa tun ranar da aka goge, ba ranar da kuka lura ba. Takardar da ba a buɗewa sai ƙarshen shekara, kamar rahoton ma'ajin kuɗi, tana iya salwanta tun watan Maris, ba a sani ba sai Disamba.

ME YA SA MAIDOWA TAKE ƘI?

A iya abin da na gani a bakin aiki, dalilan ba su cika wuce shida ba.

Na farko, kuma shi ya fi yawa: ba kai ne mai fayil ɗin ba. A rumbun tarayya, mutum goma suna iya buɗe fayil su yi rubutu a ciki, amma mai shi guda ɗaya ne, galibi wanda ya ƙirƙire shi. A Google Drive, idan mai shi ya goge, fayil ɗin kwandonsa yake shiga, ba naka ba, kuma shi kaɗai zai iya fito da shi. Kai kana ta dube-dube a kwandonka babu kome, har ka ɗauka ya halaka. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Na biyu: ka shiga da asusun da ba shi ba. Da yawanmu muna da imel biyu ko uku a waya ɗaya, na gida da na ofis da wanda yaro ya buɗe mana ranar da aka sayi wayar. Kowane asusu da kwandonsa.

Na uku: an riga an sa wani fayil mai suna iri ɗaya a gurbin wanda ya ɓace. Wannan yana faruwa a SharePoint. Sakatare ya ga rajista ta ɓace, ya yi sauri ya buɗe sabuwa da sunan tsohuwar, to idan aka zo maidowa sai na'ura ta ce gurbin a cike yake. Maganin kawai a sake wa sabuwar suna, sannan a maido da tsohuwar. Haka kuma OneDrive da SharePoint ba sa karɓar sunan fayil wanda, idan aka haɗa shi da sunayen foldojin da yake ciki, ya wuce harafi 400. Masu son folda cikin folda cikin folda su kiyaye.

Na huɗu: ba a goge fayil ɗin ba ma sam. An fitar da shi ne daga foldar tarayya, ko an sake masa suna, ko an cire maka izinin ganinsa, ko kuwa fayil ɗin yana nan amma wani ya share abin da ke cikinsa. A duk waɗannan, kwando ba shi da abin da zai ba ka.

Na biyar: rumbu ya cika, an zubar da kwando don a sami wuri. Google yana ba da gigabayit 15 kyauta, kuma imel da hotuna da Drive duk a cikinsa suke ci. Tun daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a cikinsa take. Idan ya cika, saƙon imel ya daina shigowa, sai mutum ya fusata ya zubar da kwando gaba ɗaya, ya yanke wa kansa kwana 30 ɗin nan da hannunsa.

Na shida: matsalar sabis. Idan ka zaɓi fayil dubu ka ce a maido da su a lokaci ɗaya, alhali sabis yana rawa, aikin yana iya tsayawa a tsakiya. Wani lokaci kuma matsalar ta fi ƙarfin unguwarku. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka shiga wahala. A irin wannan rana fayil ɗinka lafiyarsa lau, hanyar zuwa gare shi ce ta yanke.

MATAKAN DA ZA A BI

Yanzu ga abin da nake ba da shawara a yi, bi da bi, domin tsarin yana da muhimmanci.

Mataki na ɗaya shi ne a tsaya. A sanar da duk masu tarayya a foldar cewa kada kowa ya goge kome, kada ya zubar da kwando, kada ya buɗe sabon fayil da tsohon suna. Mutum ɗaya ya karɓi aikin. Ɓarnar da ake yi cikin sa'a ta farko saboda ruɗewa ta kan fi ta asali.

Mataki na biyu, kuma ina roƙon a saurara da kyau: idan akwai wata kwamfuta da aka saba daidaita ta da rumbun, wadda take a kashe tun kafin abin ya faru, kada a haɗa ta da intanet. Dalili kuwa shi ne, aikin daidaitawa kamar madubi yake: abin da aka goge a can, da zarar ta sami sabis za ta goge shi a nan. A kashe na'urar intanet ta ofis, a kunna kwamfutar, a kwafe foldar zuwa filash ko wani faifan ajiya, sannan a haɗa ta. A kuma duba kwandon sharar ita kanta kwamfutar, domin sau da yawa fayil ɗin da aka goge ta hanyar daidaitawa a nan yake faɗawa.

Mataki na uku, a bar waya a koma kan kwamfuta, a shiga rumbun ta shafinsa na intanet. Manhajar waya ba ta nuna kome da kome. A tabbatar da asusun da aka shiga, sannan a bincika da sunan fayil, ko da wata kalma da aka san tana cikinsa.

Mataki na huɗu, a duba tarihin abin da aka yi a foldar. Google Drive yana da wurin da yake nuna wanda ya matsar da fayil ko ya cire shi, da ranar da ya yi. Kwandon SharePoint ma yana nuna sunan wanda ya goge. Manufar ba neman mai laifi ba ce. Manufar ita ce a san kwandon wa za a duba, da kuma kwana nawa suka rage. Ina jaddada wannan, domin idan yaro ya ga ana neman kansa, ɓoyewa zai yi, kwanaki kuma suna tafiya.

Mataki na biyar, a nemi mai fayil ɗin a zauna da shi. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ya buɗe kwandonsa a gabanka, a maido kaɗan-kaɗan, ashirin ko talatin a lokaci ɗaya, ana dubawa.

Mataki na shida, idan fayil yana nan amma cikinsa ne aka share ko aka dagula, a buɗe tarihin gyare-gyarensa. Takardun Google da na Microsoft suna ajiye tsofaffin zubi, da rana da sa'a da sunan wanda ya yi gyaran. A zaɓi zubin da yake daidai, a yi kwafinsa tukuna kafin a maido da shi, don kada a rasa aikin da aka yi bayansa. Masu biyan kuɗin Microsoft 365 kuma suna da damar mayar da OneDrive ɗinsu gaba ɗaya zuwa yadda yake a kowace rana cikin kwana 30 da suka wuce, wanda yake da amfani idan ɓarnar ta yi yawa.

Mataki na bakwai, idan kwando babu kome, a garzaya wurin mai kula da asusun ma'aikata, a ranar, ba gobe ba. Shi ke da mabuɗin ƙarin kwanakin da na ambata. Idan an rufe asusun wani ma'aikaci da ya bar aiki, shi ma ana iya farfaɗo da shi: kwana 20 a Google Workspace, kwana 30 a Microsoft 365. Idan kuwa asusun na mutum ɗaya ne, mai fayil ɗin da kansa ya rubuta wa kamfanin ta shafinsu na taimako. Ya faɗi sunan fayil, da ranar da aka goge, da ainihin saƙon da na'ura ta nuna lokacin da maidowa ta ƙi, ya haɗa da hoton allon. Sukan iya taimakawa idan abin bai daɗe ba, amma ba alkawari ba ne.

Mataki na takwas, a bi sawun kwafi. Wa aka taɓa aika wa fayil ɗin ta imel? Wa ya sauke shi a wayarsa? An taɓa tura shi a zauren WhatsApp? An taɓa buga shi a takarda a wani shagon buga takardu? Fayil ɗin da mutane da yawa suka yi aiki da shi da wuya ya tafi bai bar sawu ba.

Mataki na ƙarshe shi ne tonon faifai. A tsohon faifan kwamfuta, ko filash, ko katin memori, goge fayil kamar cire sunan ɗalibi ne daga rajista alhali yana zaune a aji: yana nan har sai an kawo wani an zaunar a kujerarsa. Saboda haka a daina amfani da faifan nan take. Akwai manhajoji irin su Recuva da PhotoRec masu tono irin wannan, amma kada a ɗora su a kan faifan da ake son tonawa, kada kuma a ajiye abin da aka tono a kansa. Sai dai in gaya muku gaskiya, sababbin kwamfutoci masu faifan SSD da wayoyin zamani suna share gurbin da wuri, kuma a kansu wannan hanya ba ta cika yin nasara ba.

WANI MISALI DAGA KWARI

Bari in ba ku misali ɗaya ba tare da na kama suna ba. Wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari yana da abokan ciniki har Maraɗi da Damagaram, kuma yawancin cinikin na bashi ne. Yaron shagonsa ne ya buɗe masa takardar lissafi a rumbun intanet, da asusun kansa, ya ba Alhaji da ɗansa izinin shiga. Shekaru suna tafiya lafiya. Da yaron ya sami 'yancinsa ya buɗe nasa shagon, rumbunsa ya cika, sai ya yi shara, ya zubar da kwando, bai ko tuna lissafin maigidansa yana ciki ba. Babu mugunta a ciki ko kaɗan. Ba a lura ba sai bayan kusan wata biyu, lokacin da wani ya zo biya aka rasa nawa ake bin sa.

Da aka kira ni, duk wa'adi ya wuce. Abin da ya cece mu abu biyu ne. Ɗan Alhaji yana da al'adar sauke lissafin duk ƙarshen wata ya tura wa mahaifinsa ta WhatsApp, saboda Alhaji ya fi son ya gani a wayarsa. Sannan akwai littafin rasit mai kabon wanda ba a daina amfani da shi ba. Da kwafin watan ƙarshe, da rasit, da saƙonnin banki, muka sake gina lissafin cikin kwana huɗu. Duk da haka akwai 'yan makonni da ba su cika ba, kuma a nan sai da Alhaji ya ɗaga waya ya tambayi mutane, "Nawa nake bin ka?" Wasu sun faɗi gaskiya. Wasu kuwa har yau Alhaji yana da shakka, kuma ba shi da takardar da zai nuna.

MANYA MA TANA CIN SU

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙananan 'yan kasuwa ce. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, kuma waɗanda kwafinsu na ko-ta-kwana yake a wuri ɗaya da na asali suka rasa duka biyun. A watan Afrilu na 2022 kamfanin Atlassian, mai dandalin da ma'aikatu suke tarayyar takardu a kai, ya goge rumbunan abokan cinikinsa 775 bisa kuskure. Kwafi yana nan, amma maido da shi ya ɗauki wasunsu har mako biyu, domin ba a tanadi hanyar maido da masu yawa haka a lokaci ɗaya ba. A watan Mayu na 2024 kuskuren saiti a Google Cloud ya goge rumbun UniSuper, wani asusun fansho na ƙasar Ostireliya mai mambobi fiye da 600,000. Sanarwar da ɓangarorin biyu suka fitar ta nuna cewa kwafin da asusun ya ajiye a wurin wani kamfani dabam ya taimaka wajen rage asarar.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na Koriya ta Kudu. A ranar 26 ga Satumba 2025 gobara ta tashi daga baturan wata cibiyar bayanai ta gwamnati a birnin Daejeon, ta ƙone rumbun da ma'aikatan gwamnati suke ajiye takardunsu na aiki, mai ɗauke da kimanin terabayit 858. Ba a yi masa kwafi a wani wuri ba, wai saboda girmansa. Jama'a, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA DA 'YAN'UWA

Masana wannan fanni suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan irin ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ni kuwa na ce malamanmu sun riga su. Wanda ya taɓa leƙa ofishin makarantarmu ya ga yadda akawu yake sa takardar kabon a tafireta: ta sama a aika, ta biyu a sa a fayil, ta uku a ajiye dabam. Sakamakon jarrabawarmu ma yana makaranta, yana ma'aikatar ilmi, yana kuma hannun hukumar jarrabawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Bisa wannan nake gabatar wa Ƙungiya shawarwari shida.

1. Takardun Ƙungiya su kasance a asusun Ƙungiya, ba a asusun Sakatare ko Ma'aji ba. Muƙami yana juyawa, rai kuma ba a hannunmu yake ba. Tun daga Disamba 2023 Google yana da ikon goge asusun mutum da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, da duk abin da ke cikinsa.

2. Mutum biyu amintattu su san kalmar sirri, kuma lambar wayar da aka ɗaura wa asusun ta kasance layi mai rai wanda aka haɗa da lambar NIN. Mun ga yadda aka rufe layuka da yawa a 2024 saboda rashin wannan haɗi, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yana sake sayar da shi ga wani.

3. Ba kowa za a ba izinin gyara ba. Yawancin mambobi izinin karantawa ya ishe su.

4. Duk ƙarshen wata a sauke kwafin foldar gaba ɗaya a kan faifai biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a gidan wani daga cikin shugabanni a wata unguwa. Kada a bar faifan a jone da kwamfuta.

5. Duk wata uku a gwada kwafin, a buɗe fayil biyu ko uku a tabbatar suna karantuwa. Kwafin da ba a gwada ba, zato ne kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. Rajista da lissafin asusun taimako a buga su a takarda sau ɗaya a shekara, shugabanni su sa hannu. Wannan amanar marayu ce da matan 'yan'uwanmu, bai kamata ta rataya a kan yatsan mutum ɗaya ba.

Sai gargaɗi guda. Wanda ya rasa takardu yana cikin ruɗu, kuma 'yan damfara sun san haka. Duk wanda ya ce ka ba shi kalmar sirri, ko lambar da aka turo maka ta waya, don ya maido maka da fayil, to ba fayil yake nema ba. Idan za ka kai kwamfuta ko waya wurin mai gyara, a Beirut Road ne ko a ko'ina, ka zauna a yi a gabanka, ka shigar da kalmar sirri da hannunka, ka kuma sake ta bayan an gama. Rajistarmu tana ɗauke da lambobin waya da adireshin mutane, kuma tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su.

Daga ƙarshe, Shugaba, ina roƙon kafin mu watse yau a naɗa mutum biyu da za su zauna da Sakatare da Ma'aji cikin wannan mako, a duba fayilolin Ƙungiya ɗaya bayan ɗaya a ga sunan wa ke kansu a matsayin mai su. Ni na ɗauki alkawarin zama da su kyauta, kuma faifai biyun farko ni zan kawo. 'Yan'uwa 'yan kasuwa kuma, idan kun koma shago gobe, ku tambayi yaranku tambaya ɗaya: lissafin nan, da asusun wa aka buɗe shi?

Ina sake godiya ga malamanmu da suka zauna suka saurari ɗalibinsu har ƙarshe. Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka rasu daga cikinsu da cikinmu, ya kuma maida kowa gidansa lafiya.